GTI, 16V ko VR6: Wace Golf ce ta dace da hanyoyin arewacin Kano?

 Shirinmu na yau zai shiga tasha ne da garejin bakanike, domin mu duba wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin direbobi, musamman matasa masu jigila a hanyar Bichi da Tsanyawa, da hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure da Daura. Gardamar a kan Golf ce, wannan ƙaramar mota mai guntun baya ta kamfanin Volkswagen, wadda ta zama jakar hanyoyinmu. Duk wanda ya daɗe a tasha ya san Golf ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gama-gari, akwai kuma zafafan, waɗanda aka manna wa GTI ko 16V ko VR6 a baya. Idan aka tambayi yaran tasha wacce ce sarauniya, kafin a rufe baki za su ce VR6. Matsayin wannan shiri kuwa shi ne, a ƙasa irin tamu mai cike da gonaki da ƙauyuka manne da juna, jerin a kife yake: wadda ta fi ƙarfin inji ita ce ta ƙarshe, kuma abin da ya cancanci kuɗin mutum a cikin mota mai zafi ba injin ba ne, birki ne da ƙafafu. Za mu kawo hujjojinmu, za mu kuma saurari masu ja.

Bari mu fara da asalin abin. An fito da Golf ta farko a 1974. Wasu injiniyoyin kamfanin a Jamus suka ga motar ba ta da nauyi, suka sa mata inji mai fesa mai maimakon kabureta, suka ƙarfafa ƙafafunta, aka nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt a 1975, aka fara sayar da ita a 1976 da sunan GTI. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110, nauyinta kuma bai wuce kilo 810 da wani abu ba. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 kacal, sai kasuwa ta buɗe, aka sayar da fiye da 450,000. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu, Faransawa suka fito da Peugeot 205 GTI a 1984, aka samu wani jinsi na motoci: ƙaramar motar iyali mai ƙofar kaya a baya, amma da zuciyar motar tsere. A lura da abu ɗaya a nan, domin zai yi mana amfani nan gaba. Waccan GTI ta farko da ta girgiza Turai, ƙarfinta bai kai na Golf 3 mai injin 2.0 ba, wadda yau direba a tashar Ƙofar Ruwa zai iya ce mata ba ta da wuta. Abin da ya ɗaukaka ta rashin nauyi ne da iya riƙe hanya.

Golf 3, wadda ita ce tamu, an ƙera ta daga 1991 zuwa 1997, mai dogon baya kuma, wato wagon, ta ci gaba har 1999. Ta gama-gari tana zuwa da injin 1.4 ko 1.6 ko 1.8, kuma 1.8 ɗin mafi ƙarfi doki 90 ne. A samanta akwai zafafa uku. Ta farko GTI mai injin 2.0 da bawul takwas, doki 115. Ta biyu GTI mai bawul goma sha shida, wadda ake kira 16V, ita ma 2.0 ce amma doki 150, domin kowace silinda tana da ƙofofin numfashi huɗu maimakon biyu. Ta uku VR6, lita 2.8, silinda shida, doki 174. Wannan inji na VR6 dabara ce ta gaske, kuma dole a yaba wa waɗanda suka ƙirƙiro shi: sun jera silinda shida a layi biyu da suka kusa haɗewa, tsakaninsu kwana 15 kawai, suka rufe su da kai ɗaya, har injin ya shiga gaban ƙaramar mota inda silinda huɗu ke zama. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100, VR6 ba ta cika sakan 8 ba, mai bawul takwas tana ɗaukar wajen sakan 10, mai 1.8 kuwa wajen 12. Ƙarshen gudun VR6 ya haura kilomita 220 a awa, 16V tana biye da ita, mai bawul takwas tana tsayawa dab da 200. A takarda ke nan, kuma a takarda yaran tasha sun yi gaskiya.

Sai dai takardar an rubuta ta ne saboda wata hanya dabam. Jamus tana da manyan tituna waɗanda a sassa da yawa ba a ƙayyade gudu ba. An katange su, ba mai tafiya a ƙasa, ba dabba, ba babur ɗin da zai ɓullo daga lungu, kuma kowace mota sai an duba lafiyarta lokaci-lokaci kafin a bar ta ta hau titi. A irin wannan wuri bambancin 200 da 220 yana da ma'ana. To mu dawo gida. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, kuma abin da ya sa yankin ya shahara a wajen masana shi ne cunkoson jama'a a karkara: ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita, gona manne da gona, ana noma kowace shekara ba a barin saura, ana ciyar da ƙasa da taki. Tun wancan lokaci jama'a ta ninka. Ma'anar wannan ga direba ita ce, daga Dawanau zuwa Bichi, ko daga Ungogo zuwa Minjibir, babu wani dogon fili da za a ce daji ne. Kowane 'yan kilomita akwai gari, akwai makarantar allo da ta boko, akwai masallacin Juma'a a bakin titi, akwai amalanken shanu da ya ɗauko taki ko kara, akwai akuya, akwai yarinya mai talla da za ta tsallaka ba ta waiwaya ba. Da damina gero da dawa kan yi tsayi har bakin kwalta su rufe ganin mahaɗar hanya. Da kaka ana shanya amfanin gona a gefen titi. Hanyar tamu a tsakiyar gari take, ko da ta yi kama da ta daji.

Ga lissafin da ya kamata kowane direba ya haddace, kuma ba sai an je jami'a ba. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowane sakan. Daga lokacin da idon direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka a kan birki, sakan ɗaya ya wuce, idan ma hankalinsa na kan hanya. Bayan haka sai birki ya fara aiki, kuma nisan da mota ke ja kafin ta tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa sai ya ninka sau huɗu. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai kyau, mai gudun 60 zai tsaya cikin mita 40 ko ƙasa da haka, har da sakan ɗin tunani. Mai gudun 120 kuwa sai ya haura mita 110, wato ya wuce tsawon filin ƙwallo. Wannan fa da sabuwar taya ne, ba 'yar gwanjo da ta gama rayuwarta a Turai ba, kuma mota ba lodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa fiye da sau huɗu tsakanin gudun 50 da na 65. Kilomita 15 kacal. Shi ya sa dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 ga ƙananan motocin gida a tagwayen hanyoyi, kuma tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Duk wannan gudu da doka ta yarda da shi, Golf mai 1.6 ma tana yin sa ba tare da numfarfashi ba. Saboda haka doki 59 da VR6 ta ɗara GTI mai bawul takwas da su, a wani yanki na gudu suke zaune wanda hanyarmu ba ta da wurinsa.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware, tsakanin ƙarfin doki da ƙarfin ja. Ƙarfin doki shi ake rubutawa a talla, amma inji ba ya ba da shi sai an kai shi can ƙoli yana kururuwa. Ƙarfin ja kuwa shi ne murɗawar da inji ke yi wa taya, kuma abin tambaya shi ne a wane juyi yake zuwa. Manomi ya san wannan ba tare da an faɗa masa ba: idan amalanke ya kafe a yashi, bijimin da zai sa kafaɗa ya ja tun takun farko ake nema, ba wanda sai ya samu fili ya zabura ba. Injin 1.8 mai doki 90 yana kai cikakken ƙarfin jansa a wajen juyi 2,500 a minti. Na 2.0 mai bawul takwas yana kaiwa a wajen 3,200. Mai bawul goma sha shida kuwa sai an haura da shi 4,500 kafin ya farka sosai. A ƙasa da haka, a irin tafiyar tashi-tsaya ta ɗaukar fasinja da sauke shi, da hawa tudun rage gudu da kowane gari ya gina a bakinsa, 16V ba ta fi 'yar'uwarta da komai ba. Tun a Turai ma masu gwada motoci sun sha faɗin haka. Mai 16V ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai same shi ba sai ya riƙe giya yana taka totur har ƙasa, kuma direban da ya saba da haka a hanyar Kunci, ba a daɗe ana gaisawa da shi.

To mene ne abin so a cikin zafafan? Akwai shi, kuma a nan ne wannan shiri ya rabu da masu cewa duk motar tsere sharri ce. Lokacin da kamfanin ya ƙara wa inji ƙarfi, bai tsaya nan ba. Ya sa manyan fayafayan birki a gaba, ya sa faifai a baya inda ƙananan Golf ke da birkin ganga, ya faɗaɗa taya, ya ƙarfafa shokozoba da sauran ƙarafan ƙafa, ya mai da kusoshin taya biyar maimakon huɗu. Birkin faifai ya fi saurin huce zafi, don haka ba ya saurin mutuwa idan aka yi ta taka shi a jere, kuma wannan shi ne ainihin aikin birki a hanyar da ke ratsa gari bayan gari. GTI mai bawul takwas ta samu wannan gata, alhali injinta ɗan gida ɗaya ne da na 1.8 da kowane bakanike daga Bagwai zuwa Makoɗa zai iya kwancewa ya ɗaura. Ita ce mota mai birkin da ya fi ƙarfin injinta, kuma a ganin wannan shiri haka mota ta gari ya kamata ta kasance. Kamfanin ma da kansa ya tabbatar da wannan tunani daga baya. A Golf 7 ya fito da GTI iri biyu, ta farko doki 220, ta biyu mai suna Performance doki 230. Doki goma ba wani abu ba ne, ba wanda zai ji su a jikinsa. Abin da aka biya kuɗi dominsa shi ne manyan birki da wata na'ura a gaba mai raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza a kwana.

Abin takaici, a garejinmu akasin haka ake yi. Mutum zai sayi injin 2.0 ko ma VR6 a Ƙofar Ruwa, a dasa shi a bodin 1.6 mai ƙaramin faifai a gaba da ganga a baya. An ɗauko rabin da ke kashewa, an bar rabin da ke ceto.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce: Malam, ka manta da tirela. A hanya mai layi ɗaya, idan ka fito za ka wuce babbar mota, kowane sakan da ka yi a hannun da ba naka ba haɗari ne, kuma inji mai ƙarfi shi ke fitar da kai da wuri. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za a yi watsi da ita ba. Motar da ba ta da ƙarfi ko kaɗan, ga lodi, tana iya maƙalewa a gefen tirela har wata ta taho. Shi ya sa ba mu ce kowa ya koma 1.4 ba. Amma a duba yadda abin ke faruwa a zahiri. Direban da ya san motarsa tana da wuta ba ya amfani da wutar don ya rage haɗarin wucewar da dama zai yi, yana amfani da ita ne don ya shiga wucewar da da ba zai kuskura ba: a kan kwana, a hawan tudu, ko ya haɗa tirela biyu a zabura ɗaya. Kuma idan ya gama wucewa yana kan 140, a nan ne zai tarar da kasuwar ƙauye ta ci har kan titi. Sakan biyun da inji ya ba shi a gefen tirela, birki zai nemi ninkinsu a gaba. Tsakanin 1.8 da 2.0 akwai ƙarin da ke taimakon wucewa. Daga nan zuwa sama, ƙarin na ruɗin zuciya ne.

Na biyu zai ce: mu fa lodi muke ɗauka, ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta, ko lokacin tumatir da albasa daga Watari da Tomas, dole sai babban inji. A nan an haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Abin da ke ƙayyade lodi ba inji ba ne, ƙafafu ne da taya da birki da ƙarfin bodi. An ƙera Golf 3 ta ɗauki abin da bai wuce rabin tan ba, har da direba da fasinjojinsa. Buhu biyar na masara sun cinye wannan. Idan aka zuba mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wasu a but ƙafafu na reto, ga kaya a sama, an wuce iyaka ko wane inji ne a gaba. VR6 ma ta fi muni ta wannan fuska, domin injinta ya fi nauyi, ya riga ya danne tayoyin gaba kafin a sa ko da kwando ɗaya. Babban inji zai ja lodin, ba musu, zai ma kai shi gudun da ƙaramin inji ba zai kai ba, sai dai ba zai tsayar da shi ba. Ƙaramin inji idan an yi masa lodin wuce kima yakan yi gardama, ya ƙi gudu, kuma wannan gardamar ta ceci rayuka da yawa ba a sani ba. Wanda sana'arsa ɗaukar kaya ce, wagon ya kamata ya nema, kuma akwai wagon mai injin 2.0, ko ya tara ya sayi motar da aka yi domin kaya.

Sai batun aljihu, wanda tun 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, ya daina zama ƙaramar magana. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Golf mai 1.8 mai lafiya tana shan wajen lita 8 a kilomita 100, VR6 kuwa tana haura 10 ko da an lallaɓa ta, idan aka taka ta kuma sai abin da hali ya yi. A ɗauka direba yana yin kilomita 200 a yini. Bambancin lita biyu zuwa uku a kowace ɗari ya zama lita huɗu zuwa shida kullum, a wata ya haura lita 100, kuma fasinja ba zai ƙara ko kwabo ba don silinda shida ce ta ɗauko shi. Fulogi shida ne maimakon huɗu, baƙin mai ya fi yawa. An kuma tsara injin ne a kan fetur mai daraja 95, namu kuwa ma'auninsa ya tsaya wajen 91, don haka kwamfutar motar takan ja baya don kare injin, doki 174 ɗin nan ba duka suke zuwa ba. A ƙara da shekaru: ko Golf 3 mafi ƙarancin shekaru a yau ta haura shekara 25.

Zafi ma abokin gaba ne. Silinda shida a matse cikin ƙaramin wuri suna tara zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, bututan roba da suka tsufa sukan fashe. Al'adarmu ta ɗura ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji tana ƙara tsatsa da toshewa. Idan gaskit ya ƙone a injin 1.8 ko 2.0 mai bawul takwas, aikin yini ɗaya ne, kayan kuma a ko'ina ake samu. A VR6 kuwa, sarƙar da ke daidaita bawul tana can ɓangaren giya, sai an sauke giyabos kafin a kai gare ta. Ita 16V bel take amfani da shi, amma idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, a wayi gari ana neman kan inji. Shi ya sa wani lokaci za a ga VR6 ta fi 1.8 araha a wajen dillalai, matashi ya ɗauka ya yi tsintuwa. Araha ba ta ado. Masu sayarwar sun san abin da suke gudu.

Mai ja na uku ya fi sauran wayo. Zai ce: mota ba ta kashe kowa, direba ne. Dattijo mai hankali zai tuƙa VR6 shekara goma bai taɓa ko kaza ba, mahaukaci kuma zai kife da 1.4. Haka ne. Amma idan dattijon ba zai taɓa wuce 90 ba, me ya saya da ƙarin kuɗin mai da na gyara? Kuma mota a ƙasarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Maigida zai saya, ɗansa zai ɗauka ran biki, ƙaninsa zai kai amarya, yaron mota zai karɓa idan direba ya gaji. Mai saye ba halinsa kaɗai zai auna ba, sai ya auna halin mafi ƙuruciyar wanda makullin zai faɗa hannunsa. Wasu kuma sukan kawo batun gaggawa, mai naƙuda ko maras lafiya da za a kai asibiti cikin dare. A lissafa: tafiyar kilomita 40 a gudun 80 minti 30 ce, a gudun 100 minti 24. Minti shida ne tsakani, kuma kowace Golf tana iya 100. Abin da mai naƙuda ke buƙata shi ne motar da za ta tashi a bugu ɗaya, fitilarta na haskawa, da mai a tankinta.

Adalci ya sa a faɗi inda GTI mai bawul takwas ita ma take faɗuwa. An sauke ta ƙasa kaɗan, tayarta kuma mai siririn gefe ce a kan rim 15, alhali ƙananan Golf suna hawa rim 13 ko 14 da taya mai kaurin gefe. A kwalta mai kyau siririn gefe yana riƙe kwana. A rami kuwa shi ne ke fashewa ya lanƙwasa rim, kuma ba za a iya mai da ita rim 13 ba, domin babban faifan birkin ba zai shiga ba. Wanda gidansa ke can cikin ƙauye, sai ya bi burji da yashi da zaizayar damina kafin ya hau titi, 1.8 ta gama-gari ta fi masa, ya kashe rarar kuɗin a kan sababbin tayoyi huɗu da birki na asali. Ita GTI ta mai yawan tafiya a kwalta ce, Kano zuwa Katsina ko Kano zuwa Daura.

Sababbin zafafan ba za su ɗauke mu lokaci ba, domin kaɗan ne ke shigowa karkara. Golf R tana da doki 300 ko fiye, tana ja da taya huɗu. Akwai ma wata Clubsport S da aka ƙera guda 400 kacal a 2016, ta zagaye filin tseren Nürburgring mai tsawon kusan kilomita 21 cikin minti 7 da sakan 49, kuma don a rage mata nauyi sai da aka cire kujerun baya gaba ɗaya. A gwada kai wannan tashar Bichi a ga abin da 'yan kamasho za su ce. Injinansu masu turbo ne da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, ba sa jure gurɓataccen fetur, kuma ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da mai mai yawan sinadarin methanol ya lalata motoci. Giyarsu ta zamani kuma sai da kwamfuta ake gano ciwonta.

Ga wanda zai je saye, kada ya yarda da abin da aka manna a bayan mota, domin tambarin GTI a kasuwa ake sayar da shi, kuma 'yar Kwatano ta bi hannu da yawa kafin ta iso. Ya durƙusa ya ƙirga kusoshin taya, biyar ne ko huɗu. Ya leƙa ta cikin rim ɗin baya ya ga faifai ne ko ganga. Ya ɗaga shimfiɗar but, kusa da mazaunin safaya akwai takardar da kamfani ya liƙa mai ɗauke da harufan inji, sai ya gwada su da waɗanda aka buga a jikin injin. 2E ko ADY ko AGG na 2.0 mai bawul takwas ne, ABF na 16V ne, AAA na VR6 ne, ABS ko ADZ kuma na 1.8 mai doki 90. Idan takarda ta ce ƙaramin inji, ido kuma ya ga babba, an yi dashe, sai a tambayi mai sayarwa ko an canza birki da ƙafafu tare da shi. Ya duba gefen kowace taya, akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sannan ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba, su sami wuri marar jama'a, a kai motar gudun 60 a taka birki da ƙarfi sau uku a jere, a ga ko tana fizgar sitiyari gefe, ko kuma a taku na uku birkin ya fara nutsewa ƙasa.